Hotona a Shafin Masu Mazarƙwaila

Goggo Sabuwa ba ta yi sallama ba. Ƙarar ƙyauren gidanmu kawai na ji ya bugi bango, sai ga ta a tsakar gida, mayafi ya zame a kafaɗa ɗaya, silifas wari da wari, ta ɗaga waya sama kamar mai neman sabis.

"Ina take? Ina 'yar kwamfutar? Fito ki ga abin da kika ja mana!"

Ina gaban madubi ina ɗaura ɗankwali. Atamfata ruwan ganye na saka, mai zanen tsuntsaye, wadda telana ya yi wa hannun bulawus mai tattara, don ranar babba ce a wurina. Na fito da fil a baki. Kafin in durƙusa in ce "Goggo ina kwana", ta danna min wayar a hanci.

Ni ce a ciki. Ni ce cikin leshina na ƙaramar Sallah ruwan zuma, na karkata kai ina murmushi, jajayen furanni suna ta zubowa daga saman gilashin. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe masu ƙyalli: UMMUHANI, KI AMINCE KI ZAMA TAWA. NAKI, IKRIMA.

Na ɗaga ido na duba adireshin da ke sama. Fil ɗin ya faɗi daga bakina. Shafin ƙungiyar masu mazarƙwaila ne, ƙungiyar da mahaifina yake shugabanta.

Masu karatu, wanda bai san ni ba bari in gaya masa a tsaitsaye. Sunana Ummuhani, 'yar Alhaji Tanko na Gazara. Ina da ɗan shago a cikin Makarfi inda nake gina wa mutane shafukan intanet, in kuma riƙe musu su a kan sabar da nake haya, wato babbar kwamfutar da shafuka ke zama a kanta. Ikrima kuwa saurayina ne, ɗan Kudan, mai sayar da kayan sola, dogo, mai saurin dariya da saurin hannu. A gida an san yana zuwa zance, amma magana ba ta kai ga manya ba tukuna. Shafin ƙungiyar su Baba shi ne aikin da na fi ji da shi, kuma a safiyar nan aka shirya tura adireshinsa ga dillalan Kano da Legas da Maraɗi su ga kaya da farashi.

To ga kayan da suka gani.

"Sunan uwarmu!" Goggo ta dafe ƙirji. "Sunan da ni da Yaya Tanko ba mu taɓa kamawa da bakinmu ba, shi ne yake walƙiya a wayar kowane ɗan dako! Yana ma kashewa yana kunnawa kamar fitilar kanti!"

Sunan kakata aka sa min. Shi ya sa Baba bai taɓa kirana da shi ba, "Uwata" yake ce min tun ina goye.

Inna ta fito daga madafi da ludayin koko a hannu, ta leƙa, ta ce "La ilaha illallahu," ta zauna a kan turmi.

Goggo ta ja rubutun sama da ɗan yatsa tana karantawa da ƙarfi, don maƙwabta su amfana. "'Tun ranar da wushiryarki ta haska min hanya, ban ƙara ganin duhu ba.' Wace wushirya kuma? Ke buɗe baki in gani. Haƙora a haɗe ƙam kamar 'ya'yan masara! Wannan ko ido ma bai da shi."

Gaskiya layin ya ɗan tsaya min a wuya. Amma na ce a raina, namiji in ya ruɗe da so har gashin ido yakan ƙara wa mace, na haɗiye shi. Ina da wutar da ta fi wannan.

Wayata ta fara rawa a kan tabarma. Saƙonni ne daga zauren 'yan ajinmu: *Amarya ba kya laifi!* *Ashe mazarƙwailar bana mai ɗankwali ce.* *Hani buhu nawa za a ba mu?* Sai ga nasa saƙon ya faɗo a tsakiya, da 'yar zuciya a gefe:

*Barka da asuba tauraruwata. Ina da wata 'yar kyauta, amma sai bayan la'asar zan turo miki adireshin. Kada ki tambaye ni.*

Bai ma sani ba! Na danna kira.

"Ranki ya daɗe, har kin kasa haƙu..."

"Ikrima, buɗe shafin ƙungiyar su Baba."

"Me ya faru?"

"Buɗe kawai."

Ina jin kukan akuyoyin gidansu. Can ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hani, wallahi a nawa adireshin na sa. Wallahi..."

"Ka taɓa sabar da hannu?"

"Kaɗan ne fa. Kwafa kawai na yi..."

Na kashe, don kiran Baba ya shigo a kai.

"Baba ina kwana."

"Ke." Ba Uwata ba. Ke. "Ɗauko na'urarki da makullin shago ki same ni a wurin dahuwa. Yanzu."

Ranar da zan buɗe shagon nan, Goggo ta yi rantsuwa cewa mace da kwamfuta ƙarshenta surutu ne, gara a aurar da ni in huta kowa ya huta. Baba ya saurare ta har ta gama, ya ce zai bar ni in gwada, amma da sharaɗi: ranar da ya ji sunana a bakin 'yan teburin shayi ta dalilin aikin nan, ranar za a sa wa shagon kwaɗo. Baba ba ya maimaita magana, kuma ba ya manta ta.

Na zura dogon hijabina toka, na rataya jakar kwamfuta. Goggo ta biyo ni a baya tana gyara silifas.

"Ni dai na faɗa. Ban faɗa ba? Da kin auri ɗan gidan Alhaji Bilya da yanzu goyo ne a bayanki, ba jakar wayoyi ba."

"Goggo a yi a hankali, akwai kwata."

"Kwatar da kika jefa mu ta fi wannan zurfi."

Wurin dahuwa yana bayan gari, bakin gonar rake. Tun daga nesa ƙamshin ruwan rake mai tafasa ya tare mu. Injin matsa yana ta ƙugi, ɓawon rake tuli guda, manyan kasake suna ɓararraka a kan wuta. A gefe an jera ƙananan kwanukan zubi a kan buhuna, layi layi, wasu an cika su sun fara daskarewa. Ƙarƙashin rumfa dattawan ƙungiya suna zaune a benci, kowa da waya a hannu, kowa ya yi saurin kifa ta a cinya da ya hango ni.

Na cire takalmi daga nesa, na durƙusa.

"Baba sannu da aiki. Ina kwananku Baba. An tashi lafiya? Ya aiki? Ya iyali?"

Suka amsa ɗaya bayan ɗaya, idanunsu a kan wuta. Baba yana tsaye da farar jamfa, ya naɗe hannu. Tafin hannu ya miƙo.

Na ciro makullin shago, mai igiyar ulu ja da na kitsa da kaina, na sa masa. Ya ɗora shi a kan wani kasko da aka kife, inda kowa zai gani.

"Mutumin Maraɗi ya kira ni," in ji shi a hankali. "Ya ce Alhaji, mazarƙwaila muka tambaya."

Wani dattijo ya yi tari ya rufe baki da hula.

"Ke kika sa?"

"Ba ni ba ce, Baba."

"Amma ta hannunki ya shiga."

"Ta ƙofata ya shiga. In ka yarda in zauna, kafin wancan kaskon ya nuna na cire shi, kuma in nuna maka yadda aka yi."

Ku yarda da ni, ko ɗar ban ji ba. Da girki aka ce in gyara a gaban mutanen nan, ko kuka na yi ba mamaki. Wannan kuwa gonata ce.

Ya nuna min buhu da haɓa. Na zauna, na buɗe kwamfuta a cinya, na jona ta da datar wayata. Baƙin allo ya fito da fararen rubutu. Goggo ta leƙo.

"Kun gani ko? Ko hoto babu. Irin allon 'yan damfara."

"Sabuwa," in ji Baba. Ta ja baki.

"Baba, sabar nan kamar gidan haya take," na ce, yatsuna suna tafiya. "Ƙofa ɗaya, ɗakuna da yawa. Ga ɗakin wata Islamiyya, ga na mai taki a Ikara, ga na dillalin hatsi a Hunkuyi, ga naku. Kowane ɗaki da takardarsa a wurin mai gadi, an rubuta sunan shafi da inda kayansa suke. Baƙo ya zo ya faɗi suna, mai gadi ya duba, ya kai shi."

"Ina ji."

"To ni ba na rubuta takardun nan da hannu ɗaya bayan ɗaya. Hannu yana mantuwa. Guda ɗaya na zauna na tsara da kyau, na sa duk matakan tsaro a ciki, na bar gurabe: gurbin suna, gurbin ma'ajiyar kaya, gurbin makullin sirri. In sabon mutum ya zo, in cike guraben, na'ura ta fitar masa da tasa, daidai da ta kowa. In na ga gyara, a wannan guda ɗayar zan yi, duk sauran su ɗauka."

Baba ya juya ya dubi layin kwanukan da ke kan buhuna, ya sa ƙafa ya ɗan taɓa ɗaya.

"Kwanon zubi ke nan."

"Sunan da na sa masa ke nan ma, Baba. Ga shi." Na juya masa allon. Ya sunkuyo, ya karanta da kansa, *zubi*, leɓensa ya ɗan motsa. Ban ce murmushi ba ne, amma ya motsa.

"To shi yaron?"

"Da na yi zazzaɓin damina na ba shi makullin sabar, ko wani abu zai taso ina kwance. Na ce masa komai ta zubi ake yi. Shi kuma yana son ya ɓoye min abin da yake shiryawa, ya san in ya bi ta zubi zan gani. Sai ya kwafi takardarku da hannu." Na buɗe ta, ga ta nan tsirara. "Ya canza ma'ajiya ya nuna inda hotona yake. Ya ƙara nasa adireshin a ƙasa. Amma dubi wannan layin na sama. Sunanku ne, bai goge ba. Takarda biyu, suna ɗaya. Mai gadi kuma ba ya gardama, wadda ya fara cin karo da ita yake bi."

"Wato duk mai neman mu, ɗakin furanni ake kai shi," in ji dattijon nan mai tari.

"Haka ne, Baba."

Ban tsaya lallaɓa takardar Ikrima ba. Umarni ɗaya na ba: a share duk takardun da ke wurin mai gadi, a sake zuba su daga kwano. Rubutu ya gudu a allon, ɗaki bayan ɗaki. Na sa sabar ta duba kanta ko akwai kuskure, ta ce lafiya. Na ce ta ɗauki sabon tsari.

"Baba, a sake buɗewa."

Wayoyin da aka kifa suka tashi a tare. Na ga hasken ya sauya a fuskokinsu. Ga dunƙulen mazarƙwaila jajur a kan faifai, hoton da na ɗauka da hannuna a nan wurin, ga lambar ƙungiya, ga sunan Gazara.

"Ta tafi!" wani ya ce, kamar ya ɗan ji haushi.

"Ta tafi a nan," Goggo ta karɓe. "Wanda ya riga ya ɗauka a wayarsa fa? A rufe kawai, Yaya. Yau hoto, gobe Allah kaɗai ya san me."

A nan kam ba ƙarya ta yi ba. Baba ya dubi makullin da ke kan kasko, ya dube ni.

"Gobe wani zai iya maimaita wannan?"

"A'a."

"Da baki?"

"Da hannu, Baba. Duba." Na buɗe inda makullan shiga suke. Guda biyu ne, nawa da nasa. Na ɗora yatsa a kan nasa. Masu karatu, kada ku ce ba na son Ikrima. Na tuna ranar da ya kawo min fanka mai caji har gida ina fama da zazzaɓi, ya tsaya a zaure rana tana dukansa. Na tuna, na kuma danna. Layin ya ɓace. "Na ƙwace nasa. Sannan daga yau na sa sabar ta riƙa share duk takardar da ba daga zubi ta fito ba, kafin mai gadi ya gan ta."

"Ko tasa?"

"Ko tasa. Ko tawa ma, in na yi da hannu."

"Ko bayan ya aure ki?" Goggo ta jefo, tana harara.

"Goggo, aure daban, sabar mutane daban. Amana ce."

Ƙarar babur ta katse mu. Ikrima ne, ya taho daga Kudan ko hula bai tsaya sawa ba, shaddarsa ruwan sararin samaniya duk ta yamutse, maɓalli ɗaya a ramin da ba nasa ba. Ya kafe babur nesa, ya tuɓe takalmi, ya zube tun daga bakin tulin ɓawon rake.

"Baba ina kwana. Baba an tashi lafiya. Baba ina neman afuwa, wallahi ita ba ta san komai ba, ni ne..."

"Kai ne mai furanni?"

"Ni ne, Baba."

"Su suke zubowa da kansu, ko kai kake watsa su daga sama?"

Benci ya fashe da dariya. Ikrima ya ƙara nutsewa cikin ɓawon rake. Ni kuwa na ja hijabi na rufe rabin fuska, ina kallon allo kamar akwai sauran aiki.

Baba ya taka zuwa layin kwanuka. Ya tsuguna ya ɓamɓaro wani guntun da ya zuba a gefe ya daskare a kan buhu, duk ƙasa da tururuwa. Ya ɗago shi, ya ɗauki cikakken dunƙule a ɗaya hannun.

"Zo nan, yaro. Kasko ɗaya suka fito. Zaƙinsu ɗaya. Wanne za ka kai kasuwa?"

"Wannan, Baba."

"Saboda me?"

"Shi ne ya shiga kwano."

"To neman aure ma da kwanonsa, tun kafin a haife ka aka ƙera shi. Ba a waya ake tambayar 'yar mutane ba, balle a wayar dillalan Maraɗi. Kana da manya a Kudan?"

"Ina da su, Baba."

"Su zo. Tunda ka riga ka sanar da Kano da Legas, saura mu."

Ya wurgar da guntun, ya kakkaɓe hannu. Sannan ya ɗauki makullin daga kan kasko, ya riƙe shi ta igiyar ulu yana lilo.

"Sharaɗina shi ne in sunanki ya fita ta dalilin aikinki. Na duba, ba aikinki ne ya fitar da shi ba. Aikinki ne ya mayar da shi." Ya miƙo. "Karɓi, Uwata. Ki je ki buɗe, rana ta yi."

Uwata. Na karɓa da hannu biyu, idona ya cika, na yi ta godiya ban san ma me nake faɗa ba. Goggo ta yi tsaki, ta ce ita dai ba ruwanta, amma in har za a yi, kada 'yan Kudan su kuskura su zo mata da akwati ƙasa da saiti, kuma wancan leshin na hoto ya tsufa, a sake wani.

Ina naɗe wayar caji saƙo ya shigo. Yana durƙushe a gabana taku kaɗan, amma ta waya ya iya magana.

*Kin ƙwace min makulli ko?*

*Na ƙwace.*

*Na zuciyar fa?*

Na danne dariya na rubuta: *Wannan ma ta zubi za ka bi.*

Ban kai ga turawa ba wata baƙar mota ta gangaro daga titi, tana tangaɗi a kan kunyoyin gona, ta tsaya daf da injin matsa. Kowa ya ɗauka dillali ne. Baba har ya gyara hula.

Mace ce ta fito. Budurwa, ba za ta girme ni ba, cikin baƙar abaya mai duwatsu a hannu, jaka ƙarama ruwan goro, takunkumi ya rufe mata hanci da baki. Ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaida Baba da dattawa ɗaya bayan ɗaya, gaisuwar 'yar gidan mutunci, ba gaggawa. Sai da ta gama ta ce daga Ikara take, yayanta dillalin mazarƙwaila ne, shi ya turo mata wani hoto da safe.

"Wace ce Ummuhani?"

"Ni ce," na ce.

Na ji wani abu ya faɗi a bayana. Makullin babur ɗin Ikrima ne.

Ba ta ko dube shi ba. Ta matso ta miƙo min wayarta. Jajayen furanni suna zubowa daga sama. Baƙaƙe masu ƙyalli suna kashewa suna kunnawa. Kalma bayan kalma, har da hanyar da aka haska da duhun da ba a ƙara gani ba. Hoton ne kawai ba nawa ba, sunan kuma MUKARRAMA.

"Bara ya yi min nawa," in ji ta. "Har yau manyansa nake jira."

Ta sa yatsa ta sauke takunkumin, ta yi min wani murmushi da babu daɗi a cikinsa ko kaɗan. Ga ta nan a tsakiyar haƙoranta na sama, siririya, kyakkyawa.

Wushirya.

Na juya a hankali na dubi Ikrima. Ashe shi ma yana da kwanon zubinsa. Kuma a nan ma, layi ɗaya ya manta bai canza ba.